Ƙugiya, Tebur, Dunƙule

Shekara talatin da ɗaya allura na jin maganata
a zauren gidanmu na Kwarbai.
Sai fallen kwano ya zamo daga rufi da damina,
na kai hannu in tare,
ya datse min jijiya biyu, ko sallama babu.

A Shika aka ɗinke ni.
Ni mai ɗinka wa mutane aska takwas
na tashi na ga ɗinkin wani a tafina.
Na duba, na ce ba laifi,
sai dai allurarsa na tsallake.

Mako shida, aka kwance.
Hannun da ya fito ban san shi ba:
ya rame, yana saɓa,
yatsu sun sandare kamar kuɓewar da aka manta a gona.

Malama Saratu ta ɗakin gashi, 'yar Wusasa,
ba ta iya lallashi ba.
"Baba Tanimu, jijiya zariya ce a cikin ƙubaka.
In ba a ja ta kullum,
nan za ta manne, ta kwana, ta shekara."
Na ce, "Ni za ki koya wa zariya, a Zariya?"
Ba ta yi dariya ba. Ta lanƙwasa min manuni
har na kira sunan uwata.

Yanzu bayan asuba, ruwan ɗumi a roba.
Miƙe.
Ƙugiya, kamar kyanwa za ta yi yagu.
Tebur.
Dunƙule, wai dunƙule,
alhali ƙwai zai wuce ta ciki bai fashe ba.

Jikata Hansatu ke ƙirga min goma.
In ta ga gumi a goshina
sai ta tsallake daga shida zuwa tara.
Ina ji. Nakan ce a koma.

Babban yatsa na zagaya 'yan'uwansa gaisuwa:
manuni ya amsa,
na tsakiya ya amsa da ƙyar,
ɗan auta ya juya baya, ya ce bai san shi ba.
Da can haka nake tasbihi ban ko lura ba.

Da la'asar, wake.
Ɗaya-ɗaya daga faifai zuwa kofi.
Kaji sun gane ni,
suna jira a gindin tabarma.

Rigar Alhaji Barau na rataye, rabin aljihu.
Ilu ya ce ya ƙarasa, na ce bari.
Ya sake cewa, na yi shiru.

Jiya allura ta faɗi daga hannunsa.
Kafin in yi tunani na tsince ta,
tsakanin babban yatsa da manuni,
tana rawa, ina rawa.
Na soka sau ɗaya a gefen aljihun.
Ya karkace.

Ilu ya miƙo reza.
Na ce a'a, bar shi nan.
Hansatu, kawo ruwan, ya fara hucewa.