Mai Ɗaukar Akwatin Magani

Ni ne mai ɗaukar akwatin magani,
ba ni da lamba a bayan riga.
Bandeji, man zafi, ƙanƙara a leda,
da kwalbar feshi mai daskarar da tsoka.
Abin da na gani a filin Samaru
shekara uku ke nan, ya ƙi barin idona.

Yashim ne, lamba tara, yaron Zonkwa,
ƙafarsa ta hagu kamar tana da ido.
Ranar Laraba, saura minti goma sha biyu,
ya tashi sama, ya dira, gwiwa ta ce ƙas,
kamar an karya rake a bakin Kwangila.
Har 'yan bayan raga sun ji.

Na sheƙa. Na durƙusa. Na taɓa wurin.
Abin da ke ƙarƙashin yatsuna ba gwiwa ba ce kuma.
Na dubi Koci Maiwada, na girgiza kai.
Ya zare usur daga baki, ya ce,
"Fesa masa. Ɗaure. Tashe shi.
Namiji barkono ne, sai an tauna."

Na fesa.
Na ɗaure.
Na tashe shi.

Kada ku tambayi dalilin da yaron ya miƙe.
Gadonsa na ɗakin ɗalibai, a aljihun Koci yake.
Alawus, da rangwamen kuɗin makaranta,
da sunan da za a raɗa wa baƙi masu neman 'yan wasa,
duk biro ɗaya ke rubuta su,
biron nan kuma ya iya sokewa.
Wuƙa da nama hannu guda,
mu kuwa muna layi da kwanukanmu.

Mun ci wasan, biyu da ɗaya.
An ɗaga Koci a kafaɗa ana ihu.
Yashim, ni na ɗaga shi, ni kaɗai,
zuwa cikin a-daidaita-sahu, muka nufi Shika,
kowane rami a titi yana fitowa ta bakinsa.
Likita ta duba hoton ƙashi, ta cire tabarau:
"Wa ya bar shi ya yi gudu a kan wannan?"
Na tsura wa fankar silin ido
kamar ita aka tambaya.

Bayan mako guda takarda ta iso:
wai santsi ya kwashe shi a banɗaki.
An bar mini layi a ƙasa, an ɗiga masa alama.
Koci bai ɗaga murya ba, shayi ma yake sha.
Cewa kawai ya yi, "Wa ya samo maka aikin nan?"
Hannuna bai ko yi rawa ba,
wannan ne abin da ya fi damuna.

Lamba tara ta koma jikin wani kafin a wanke ta.
Sauran yara suka ɗauki karatu ba allo:
Lawandi ya gwara kai, yana ganin ƙwallo biyu,
ya zaɓi ɗaya ya bi, bai faɗa wa kowa ba.
Sagir na ɗaure idon sawu a ɓoye, bayan tankin ruwa,
ya fito yana dariya da haƙora a datse.
Ciwo ya zama sata a wurinmu,
wanda aka kama da shi, shi ne ɓarawo.

Yanzu Yashim na gyaran waya a PZ,
ƙafar miƙe a kan kwalin batir, ba ta lanƙwasuwa.
In na gifta ya ƙwala, "Likita!" irin tsokanar da,
ya matsa mini benci, ya aika a kawo kunun aya,
ya tambayi wa ke buga gaba bana.
Bai taɓa tambayar takardar ba.
Da ma zai tambaya.

Kwafinta na nan a ƙasan akwati,
ƙarƙashin bandeji, na ninke ta huɗu.
Kullum ina cewa zan haura da ita ofishin sama.
Gobe akwai wasa ƙarfe huɗu,
ban ma sayi ƙanƙara ba tukuna.