Me Ke Tafe da Kai?

Ƙarfe biyun dare a Mabera.
Gari ya kwanta, zafi ya ƙi.
Fanka ta tsaya tun isha'i,
kwamfuta a kan cinyata tana lasar sauran cajinta.

Da la'asar Malam Arzika ya kira ni,
shugaban manoman albasa na Kwalkwalawa,
ƙarar injin ban ruwa a bayan muryarsa:
"Ɗiyata, mu ɗari da arba'in munka yi rajista,
takardarki ta ce ɗari huɗu da tara.
Su wa ne waɗanga
da ba su da suna, ba gona, ba ƙauye,
kuma kowane na jiran buhun taki?"

Na ce zan duba.
Ban ce masa ni na haife su ba.

Ga su a jere cikin ma'ajiya,
layi bayan layi, fari fat,
kamar kunyoyin da aka ja aka manta da iri.
Duk wanda ya leƙo shafin,
yaro ne da wayar yayansa,
ko Labbo mai shago da yatsa ya zame masa,
sai shafin ya miƙe da rawar jiki
ya rubuta: an kawo!
Alhali hannu rabbana aka zo.

Sai Inna Tumba ta faɗo mini,
kakata, uwar adashen Runjin Sambo,
wadda ba ta san bihim ba a boko
amma ko sisi bai taɓa ɓata a hannunta ba.
In an yi sallama ba ta taɓa gawayi,
sai ta ɗago ido tukuna:
"Gani kika zo, ko zubi?"

Mai gani, a nuna mata bango,
ta ƙirga zanenta ta tafi,
bango bai ƙaru ba, bai ragu ba.
Mai zubi kuwa sai ta zauna.
A kwance bakin zane,
a lissafa, a sake,
a ɗaga takardar da ta yage a duba ta a rana.
In ya cika, zane ɗaya.
Sannan Inna ta raka ta har soro
ta juya mata fuska zuwa titi,
don kada ta waiwayo da wani zance
a ja mata biyu.

Shekara huɗu na yi a jami'a
kafin in iso inda tsohuwar ta zauna.

Mai gani, a nan, GET ake ce masa.
Mai zubi, POST.
Na rubuta layi guda a bakin ƙofa:
in POST ne, karɓi, tantance, adana,
sannan ka raka shi wani shafin.
In ba shi ba, miƙa masa fom babu komai,
ya kalla iya son ransa.

Ɗari biyu da sittin da tara
na share su ba jana'iza.

Caji saura huɗu.
Na buɗe shafin, na rufe, na sake buɗewa:
ma'ajiya shiru, ko gezau.
Sai na cika don gwaji.
Suna: Tumba.
Ƙauye: na yi jim, na sa Runjin Sambo.
Gona: bango ɗaya.
Na danna.
Zane ɗaya ya fito, shi kaɗai.

Allon ya mutu kafin kiran assalatu,
ni ma na bi shi a kan tabarma.

Da hantsi waya ta tashe ni.
"Ɗiyata, aiki ya yi kyau,
sai dai ɗari da arba'in da ɗaya muka gani.
Wace ce Tumba?"

Na ce, Malam, bar ta nan.
Ba ta son taki.
Ƙofa take tsaro.