Taku Arba'in

Daga ƙofar Gwaggo Hansai zuwa rijiya
taku arba'in ne, na ƙirga.
Da can da tulu a ka take yin su, tana yi wa awaki faɗa.
Bara ta fara tsayawa a gindin darbejiya.
Bana sau uku take tsayawa,
hannu a ƙugu, wai tana duba hadari,
alhali sama fes, ko gajimare babu.

Shekara talatin da ɗoriya tana dafa kalwa.
Duk wanda ya lashe yatsa da miyar kuka a Harbo
daddawarta ya yaba, ko bai sani ba.
Kalwa kuwa ba ta san sauri ba,
kwana take a wuta:
kara, totuwa, busasshen kashin shanu in itace ya yi tsada,
a madafin da ba shi da taga,
rufinsa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Mun ga rufin.
Ba wanda ya tambayi inda sauran hayaƙin ke kwana.

Tari ya zo kamar baƙon da ya ce gobe zai wuce.
Shi ke tashinmu kafin ladan.
Aka ce sanyi ne, aka daka citta da kanumfari.
Aka ce tsufa ne, wa ya taɓa jiƙa wa tsufa magani?
Aka ce tibi, aka ware mata kwano.
Sau biyu ta kai majina asibiti a 'yar roba,
aka ce babu.
Kwanon ya koma cikin 'yan'uwansa.
Baƙon bai tafi ba.

Ranar da na goya ta a babur zuwa Dutse
ta damƙe rigata,
ina jin ƙirjinta a bayana
yana kuka siriri, kamar 'yan tsaki a akurki.

Aka miƙa mata bututu.
Ja iska, Inna, cika ƙirji. To busa!
Busa, busa, kar ki tsaya!
Matar da ta hura wuta sau dubu nawa ta kama,
ga ta yau, jijiyar wuya a miƙe,
iska na fita kamar ruwa daga butar da ta toshe.

Likita ta zana bishiya a bayan kati,
ta ce rassan nan sun ƙuntace,
iska ta shiga, fita ta zama aiki.
Gwaggo ta ce, ni ko taba gari ban taɓa kai wa baki ba.
Ta ce, murhu ne ya sha, ya ba ki saura.
Abin da ya zama toka ba ya komawa itace,
amma ana janye ragowar daga wuta.

Muka dawo.
Ɗanjummai magini ya huda bango, haske ya faɗo kan tukwane.
Murhu ya koma tsakar gida, ƙarƙashin rumfa,
Uwale ke iza wuta yanzu,
Gwaggo na nesa a kan turmi, inda iska ba ta kai mata,
tana ba da umarni kamar sarkin aiki.
Abin shaƙarta yana ƙulle a bakin zane, inda goro yake da.
Ta koyi jan numfashi ta hanci,
ta sake shi a hankali, leɓe a tsuke,
kamar mai fifita wa jika kunu.
In majina ta canza launi, ko kwanciya ta gagara,
ba ma jiran safiyar kasuwa,
ina tada babur.

An ce ta riƙa tafiya, ko ba daɗi.
Jiya na bi ta a baya, ina ƙirgawa a zuci.
Sha bakwai, ta tsaya.
Talatin da ɗaya, ta tsaya, ta ɗaga kai.
Na ce, Gwaggo, a kawo kujera?
Ta ce, kai dai ba ka da ido,
je ka kwashe min shanya.

Na duba gabas.
Hadari ne, da gaske.