Sunan da Ban Faɗa Ba

Ƙarfe biyun dare a Garin Malam,
wuta ta ɗauke, zafi ya zauna daram,
ni da salula a tsakar gida bisa tabarma,
ina cin mutum uku da ɗaya a wasan ƙarshe,
saura minti biyu in ɗaga kofi.

Sai ya katse.
Na san katsewar rezo, da ɗingishi take zuwa,
ƴan ƙwallo su daskare, su motsa, su daskare.
Wannan kuwa yankan wuƙa ne.
Ya dawo ya ce wai ni na gudu,
ya haɗa da uwata cikin saƙon,
tsohuwar da ke barci da mafici a ƙirji,
ba ta taɓa jin sunansa ba.

Na ɗauki hoton zagin.
Mu ɗari da goma sha bakwai ne a ƙungiya,
daga Birni, daga Zango, har masu ci-rani a Agadas.
Danna ɗaya, kowa ya gani.
Babban yatsana na rawa bisa gilashi
kamar akuya ta hango dusa.

Amma akwai dokar Barma,
ta huɗu cikin bakwai, ya kafe ta a sama:
wanda aka cuta ya same ni a gefe,
ba a kiran suna a tsakar taro.

Na tsani dokar nan a daren.
Ɓarawo da riga, mai kaya tsirara?
Na jefar da wayar, na ɗauko,
na sha ruwan randa, ɗumi gare shi.

Sai Rabe ya faɗo mini.
Bara, kafin dokar,
wani ya liƙa sunansa da hoton zamba,
muka yi masa ca kamar ƙuda kan mangwaro.
Ni na sa dariya uku, ban manta ba.
Kwana biyu aka gane ƙanensa ne,
yaro ɗan shekara goma, ya saci wayar yana wanka.
Kafin nan zancen ya sauka daga waya,
ya shiga Kasuwar Dole da ƙafarsa,
ya zauna a rumfar da Rabe ke gyaran cajoji.
Damagaram ba ta da faɗin da muke zato.
Sunan wasa da dare,
da safe fuska ce a bakin famfo.
Mun ba shi haƙuri, ya ce ba komai.
Har yau bai sake kunna wasan ba.

Na tura wa Barma shi kaɗai.
Ya amsa bayan asuba: na gani.
Kalma biyu, kamar mai biyan kuɗin harafi.

Aka dakatar da mutumin sati uku,
ba sanarwa, ba ganga.
Kofin aka ba ni, da jaka biyu ta gasa,
na sa mega, na sai wa tsohuwa goro.

Ga abin da ke ci na:
ya dawo, ya yi wa Nafi'u irin ta,
Nafi'u da bai san komai ba,
don ni na riƙe bakina.
Na faɗa wa Barma a fada, ana zuba shayi na biyu.
Ya daɗe yana juya kumfa tsakanin kofuna,
ya ce: wannan karon ya tafi ke nan.
Bai ce dokar ta yi daidai ba,
ni ma ban ce ba.

Jiya na hau kabu-kabu wajen tasha,
sai da muka wuce duwatsu na gane ƙeyar.
Shi ma ya gane ni, ta madubi.
Ba wanda ya ce uffan har ƙofar gida.
Na miƙa dala arba'in, ya ƙi karɓa.
Na sa masa a aljihu.
Sunan yana nan ƙarƙashin harshena,
kamar ƙwallon dabino,
ban haɗiye ba, ban tofar ba.