Lomar da Ta Koma Akushi

Ranar gayyar gonar Baba Ɗanlami, can bayan Rurum,
muka kai kunyar ƙarshe rana na tsaka,
muka zube gindin ɗorawa, garemani a gefe,
aka sauke tuwon dawa da miyar kuka.

Mu tara ne, akushi biyu.
Ga Ja'e, ya bar wa ƙanensa shanu ya zo,
ga Nomau na unguwar Maguzawa, mai garma kamar ƙyaure,
ga Modu mai kanwa,
ga Obinna mai kemis, wanda tafinsa ya yi bororo
tun kunya ta biyu, ya ƙi ajiyewa.

Ni ne mai bakin, kowa ya san ni da shi.
Na ce, "Kai, yau arna sun fi mu noma!"
Yabo na nufa. Wallahi yabo na nufa.

Nomau bai ce uffan ba.
Lomar da ya yanko ta tsaya a hanya,
ya mayar da ita kamar mai ajiye ƙwai,
ya jawo ƙwarya ya wanke hannu,
ya ce ya ƙoshi.
Mutumin da ya tayar da kunya arba'in.

Na shiga kame-kame:
"To ai yanzun nan Ja'e ya ce wa Modu bawansa,
duk kuka kwashe da dariya!"

Baba Ɗanlami ya gama tauna tukuna.
Ya ce, "Wancan wasa kakanninsu suka ƙulla shi,
kowa da sandarsa, ka buga in rama.
Kai da ka buga, Nomau da me zai rama?"

Ja'e ya ce, "Akwai sunan da muke kiranku a ruga.
Yana bakina shekara talatin,
ban taɓa zuwa da shi akushinka ba."

Obinna yana duba tafinsa, ya ce,
"Wanda kuke kirana da shi,
wai daga roƙon ruwa aka samo shi.
Ban sani ba ko gaskiya ne.
Na dai san ina amsawa don in sayar da magani,
in na rufe shago in cire shi kamar takalmin da ya matse."

Tuwo ya huce. Ƙuda ya samu rabo.

Da la'asar na bi hanyar rafi har ƙofar Nomau,
na tarar yana wa garma ƙota.
Na yi sallama, na tsuguna, na rasa ta inda zan fara.
Na ce, "To me zan riƙa ce muku?"

Bai ɗago ba.
Ya ce, "Mu ɗin su wa?
Ni kaɗai ne a nan.
Da damina aka haife ni, aka ce Nomau.
In jama'ata kake nufi, ka san sunansu,
ka dai fi son gajeren."

Ya miƙo mini ƙotar in riƙe masa, na riƙe.

Asabar mai zuwa gayyar tasa ce.
Na wasa garmata tun jiya.
Bakin ne ban san maƙerin da zan kai wa ba.