Kujera Ɗari Uku

Na sa kwalina a leda don kada gumi ya taɓa shi,
na hau kabu-kabu daga Arkilla,
rana na dukan ƙeya tun ƙarfe tara.
Ofis uku, tambaya ɗaya:
"A ina kika taɓa aiki?"
Wai sai mai gogewa suke ɗauka.
To wa zai goge mutum, in kowa ya naɗe hannu?

A Mabera na tarar da Hajiya Ige
zaune kan ƙunshin labule, tana ɓarar gyaɗa.
Ko kallon ledar ba ta yi ba.
"Ɗiyata, mi kika iya?"
Na ce tsara taro, na ce jadawali, na ce kasafi.
Ta ce, "Madalla. Ƙirga min kujerun can."

Ɗari uku.
Farare, na roba, wasu an ɗaure ƙafarsu da waya.
Wata biyu babu albashi,
sai kuɗin hanya,
da ragowar shinkafa in taro ya watse.

A nan na koyi abin da allo bai faɗa ba:
rumfa tana da fuska, kada ta kalli yamma bayan azahar.
A garin nan, wanda ya manta ƙanƙara
ya manta taron gaba ɗaya.
Mai lasifika sai an kira shi sau biyar,
in ya ce "ga ni bisa hanya,"
to yanzu ya shiga wanka.

Inna ta ce, "Shekara huɗu a jami'a,
ki ƙare a dakon kujera?"
Ban amsa ba.
Ina shafa man zafi a kafaɗa.

Sai ranar taron dillalan albasa.
Motar Hajiya ta mutu a Kwannawa.
Ta kira: "Riƙe min, ina tahe."
Ba ta iso ba sai la'asar sakaliya.

Alhazai biyu suka tsaya kan kujera guda,
kowa na gyara hula,
kowa na jiran ɗaya ya tuna shekarunsa.
Na ja Modi gefe, muka lanƙwasa sahu,
muka mai da shi zobe:
babu gaba, balle baya.
Suka zauna, har da musabaha.

Shugaba na tsakiyar kukan tsadar buhu,
janareta ya yi tari, ya yi shiru.
Ai na ga idon Haliru da safe
sa'ad da ya ce tanki cike yake,
shi ya sa na ɓoye galan bayan kula.
Kafin mutane su gama gyaran murya
magana ta koma inda ta tsaya.

Da aka tashi, an yabi naman.
An yabi sanyin zoɓo.
Wani ma ya yabi iska.
Ni kuwa aka miƙo min kwalbar da babu kome
a ce in jefar.

Na faɗa wa Hajiya, murya na rawa.
Ta kakkaɓe zani:
"Wanga aiki, in an san kina nan, wani abu ya ɓaci.
Kujeru nawa?"
"Ɗari biyu da casa'in da bakwai."
"To me kike jira?"

A teburin mai shayi na same su,
uku ras,
da mutane a kai suna gardamar ƙwallo.

Gobe nawa ne.
Walimar sauka a Runjin Sambo,
ɗan maƙwabciyar gwaggona.
Kujera arba'in, rumfa ɗaya, haya daga Hajiya,
ko naira ba ta rage min ba,
sai dai ta zaɓo min masu ƙafa lafiya.

Inna ta goge min ƙyallen tebur da kanta,
ba ta ce kome ba.
Barci ya ƙi.
Na duba littafi, na sake dubawa,
na biya kuɗin ƙanƙara.
Na kira mai lasifika.

Saura huɗu.