Harafi Ɗaya

Ƙarfe biyun dare, Damagaram ta yi tsit,
sai gurnanin firigo a ɗakin bincike,
sai tarin Baba Kiyari mai gadi a bakin ƙofa.
Ni da kwalabe arba'in da bakwai,
kowace da ɗigon jinin wani yaro,
daga Birni, daga Garin Malam, daga Mirriya.
Babu suna a jikinsu, lamba kawai.

Littafin da nake karantawa haruffansa huɗu ne rak:
A, T, G, C.
Kalmominsa uku-uku, kamar duwatsun murhu.
Ba alƙalami, ba tawada,
an tufka shi biyu kamar igiyar kaba,
an naɗe, an cusa
inda tsinin allura ma fili ne.

Mahaifina baduku ne a Zango.
Yakan ce, zare a bakinsa:
ɗinki ɗaya in ya karkace,
jakar gaba ɗaya za ta yi maka gardama.
Na ɗauka maganar fata yake.

Kalma ta shida.
Inda ya kamata in ga A, sai ga T.
Shi ke nan.
Ƙwayar jinin da za ta mirgina kamar waina
sai ta lanƙwashe ta koma lauje,
ta shiga girbi a cikin ƙashi.

Mutari, ƙanena, bai taɓa wanka da ruwan sama ba.
Mu muna tsalle a kan duwatsu, tumɓur,
shi yana leƙe daga zaure, cikin rigar Inna,
idanunsa rawaya kamar gangamau.
Da dare yana cizon matashi don kada ya tashe mu.
Gwaggo ta ce iska ce. Maƙwabta suka ce baki.
An yanka jan zakara.
An ba shi rubutu ya sha, ƙoƙo bayan ƙoƙo,
ba wanda ya san
rubutu ne ciwon.

Shekara tara ya yi.

Ran da na'urar nan ta iso,
jinina na fara ba ta.
A a gefe guda, T a ɗaya gefen.
Rabi na samu.
Rabin da ya tare mini masassarar sauro damina bayan damina,
shi ne ya zo wa Mutari sau biyu,
ɗaya daga Inna, ɗaya daga Baba,
kowa ya ba da abin da aka ba shi,
hannu rufe.
Wa zan kai ƙara?

Wuta ta ɗauke.
Na ji Baba Kiyari yana fama da igiyar inji,
ja ɗaya, ja biyu, salati, ja uku.
Ya leƙo da tocila:
"Dakta, har yanzu karatun ne?"
"Baba, haruffa biliyan uku ne."
Ya yi shiru, yana lissafi da yatsu.
"To sauka yaushe? A gaya mini in zo cin tuwo."

Na yi dariya har na manta
da kwalba ta talatin da ɗaya.
Ita ba ta manta da ni ba.
T nan, T can.

Jibi wata mata za ta hau motar Mirriya da goyo,
ta zauna kan kujerar roba, ta gyara ɗankwali,
ta ce: me kuka gani?
Zan ce ba iska ba ce, ba baki ba ne,
kuma ba laifinki ba.
Zan ce ruwa, ruwa da yawa, gidan sauro, rigar sanyi,
ga ƙwayoyi, kada a tsallake rana.
Za ta ce: in harafi ne, a goge mana.

Na iya karatu, Yaya.
Gogewar ce hannuna bai kai ba tukuna.

Ƴan garuwa sun fara wucewa, jarkoki na karo.
Na canza safar hannu.
Talatin da biyu.